Ƙusar da muka lanƙwasa

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, ya Inna da ƙafarta, ya Anti Rabi da yara, ya aikin kafinta? Mu ma lafiya lau a nan unguwar Ma'adi, sai dai jiya mun ga tashin hankali.

Ka tuna 'yar motar katakon da 'yata Hafsa ta sassaƙa don gasar makarantarsu, wadda ake saki a gangara ba inji? Mun bi shawararka, mun ɗan lanƙwasa ƙusar tayar gaba don motar ta riƙa jingina da katakon tsakiyar layi, ta daina rawa. Ashe dabarar sai da layin take aiki. Jiya Hafsa ta gwada ta a gangarar garejin gidanmu, inda babu abin jingina. Motar ta karkace hagu ta faɗa titi, ita kuma ta bi ta da gudu. Yaya, ina tsaye na ji ƙarar birkin ƙaramar bas. Mai gadinmu ne ya fizgo rigarta. Direban yana ta "ma'alish", wato "yi haƙuri" da Larabcinsu, ni kuwa na ruga na rungume ta.

Ko ƙwarzane ba ta yi ba, amma in na rufe ido birkin nan nake ji. Ku sa mu a addu'a, kada ka gaya wa Inna. Ka gaishe da kowa.

Kuma ka turo min yadda ake miƙe ƙusar nan. Motar ta zo ta ƙarshe a gasar mana, ni dai ta tafi ɗoɗar.

Ƙanwarka,
Bilkisu