Ƙumbar Mama

Zuwa ga Yaya Shomari,

Gaisuwa mai yawa, da fatan Dar es Salaam lafiya. Bayan haka, ina cikin tashin hankali. Ka san matan ƙauye sun kafa turaku a bakin mikoko, dajin itatuwan nan da ke tsirowa cikin taɓon gaɓar teku, an hana kowa taɓa ƙumba, ƙaguwa ko jatan lande har su hayayyafa. Ni aka ba gadin wurin. To, Mama ce ke shiga. Da ruwan teku ya janye sai ta suri kwandonta. Ta manta dokar, kamar yadda ta manta sunana. Ni kuma in bi bayanta a ɓoye, in mayar da abin da ta tono cikin taɓo. Jiya Bi Mtumwa, shugabar mata, ta ga sawunmu. In ta tabbatar, gidanmu ba zai ƙara tsoma ƙafa a wurin ba.

Ƙanwarka, Zuwena.

Zuwena,

Salamu alaikum. Ke ta ƙumba kike yi? Ranar da ruwa ya dawo ya rutsa Mama a taɓon nan, ƙaguwa za ki kira ta cece ta? Zan turo mota ranar Asabar. Nan akwai ɗaki mai makulli. Kada ki ja da ni.

Yayanki, Shomari.

Yaya,

Ina gaisuwa. Makullin nan ya hana ni sukuni. Matar da aka haifa a bakin ruwa!

Yau Mama ta kama ni. Ina durƙushe ina mayarwa, sai na ji ta a kaina, ga Bi Mtumwa can tsaye jikin turke tana kallonmu. Mama ta fizge ƙumbar ta ce, "Haka ake yi? Baki sama, sakarya, in ba so kike su mutu ba!" Ta durƙusa, ta binne su ɗaya bayan ɗaya. Ta sami ƙaguwa mai ƙwai ta sake ta. Kwandon ya koma wayam.

Bi Mtumwa ta ce, "Ni dai masu shuka na gani. Gobe ni zan raka ta, jibi wata." Ta yi gaba.

Kada ka turo motar, don Allah.

Zuwena.

Zuwena,

Na gaishe ki. Na sallami direban. Mama ta gane ki kuwa?

Shomari.

Yaya,

A'a. A hanyar gida ta riƙe hannuna ta ce, "Yarinya, uwarki ba ta koya miki komai ba. Ki riƙa zuwa wurina."

Zan riƙa zuwa. Ka huta lafiya.

Zuwena.