Lomar Farko a Kan Murfin Kwano

Assalamu alaikum Anti Muhsina. Don Allah ki taimake ni, kuma kar ki buga sunana, a Kaura kowa ya san kowa.

Ni ɗaliba ce a ajin ƙarshe a poli. Binciken kammala karatuna shi ne in bi waɗanda suka tashi a gidan marayu, in ji yadda rayuwarsu ta kasance bayan an sallame su: ina suka fara kwana, wa ya koya musu sana'a, wa ya tsaya musu a aure. Malamina ne ya zaɓa mini wani gida da aka daɗe da rufewa, ya ce yaransa ba su yi nisa ba.

Sai na fara faɗa miki wata ɗabi'ata. Tun ina ƙarama ba na cin lomar farko. Nakan ɗora ta a kan murfin kwano, in ture da bayan hannu, sannan in ci. Mama ta yi faɗa har ta gaji. Kaf danginmu babu mai yi, ni ma ban san dalili ba, hannuna ne kawai ke yi.

Wanda na fara samu shi ne Faruku, mai walda a Zurmi. Ya ce da tabarma da kwano kaɗai aka sallame shi. Muna cikin hira aka kawo masa tuwo, ina kallo ya yanki lomar farko ya ɗora a murfi, ya ture da bayan hannu. Na ce wa kaina ai mutane kan yi kama.

Daga nan na je Shinkafi wajen Barakatu, tela ce, ta girme ni sosai. Ta matsa sai na ci abinci da ita, ni kuwa na sha'afa. Muka sa hannu tare, muka ɗora tare, loma biyu a murfi guda. Ta daina ci. Ta kafe ni da ido har miyar ta huce. Can ta ce dokar Inna Mariya ce, matar da ta raine su a gidan marayun. Yaro sabo kan iso gidan ba sanarwa, kuma da yunwa, shi ya sa kowa ke ajiye lomar farko a tara masa. Ta ce ba ta taɓa ganin wani na waje ya yi ba. Ta tambayi shekaruna, ta ambaci wata 'yar yaye da takan goya a gidan, wadda wasu suka zo suka ɗauka. Ba ta ƙara komai ba.

Ta raka ni tasha. Na juya zan shiga mota sai ta kira wani suna a hankali, sunan da ba nawa ba, ban kuma san mai shi ba. Anti, na amsa. Wallahi bakina ya riga ni.

Shekaranjiya na je tsohon gidan da tsakar rana. Kango ne, ba kowa sai awaki. Ƙafata ta kai ni bayan ɗakin girki kai tsaye, na tsaya cak, na san akwai rijiya a gabana tun kafin in gan ta. Na ture ciyawa, ga ta an rufe da langa-langa.

Ban sani ba ko shafar aljanu ce ko na fara zarewa. Babana ya rasu, ni kaɗai Mama ke da, ga hawan jini. Yanzu na lura babu hotona ko ɗaya na jarirantaka a gidanmu. Ina tsoron in tambaye ta in kashe ta, ina tsoron in yi shiru in haukace. In bar binciken ne?

Ɗaliba cikin ruɗu, Kaura Namoda

AMSA

Wa alaikumus salam 'yata. Ki kwantar da hankalinki, ba ki zare ba, ban kuma ga aljani a wasiƙarki ba. Ki riƙe addu'o'inki, amma kar ki kai wannan magana wajen masu duba, za su ƙara miki tsoro ne kawai. Abin da aka koya wa yaro a bakin kwano yakan zauna a hannunsa ko bayan kansa ya manta.

Ba zan yi miki ɓoye-ɓoye ba, alamun suna da ƙarfi. Sai dai ba su gaya miki labarin duka ba. Akan ajiye yaro a irin gidan nan na ɗan lokaci, saboda jinyar uwa ko gudun tashin hankali, daga baya a dawo a ɗauke shi. Mai yiwuwa hakan ne, mai yiwuwa kuma riƙonki aka yi. Kina da haƙƙin sani, domin nasaba ta shafi aure da gado.

Ki duba ta wajen Mama ma. In har ɓoyewa ta yi, ina kyautata zaton tsoron rasa ki ne. Duk ranar da ta ga lomar nan a murfi, kin san abin da take ji? Shirun da kike ganin yana kare ta, wataƙila shi ya fi cin ta.

Binciken kar ki bar shi. Ki sanar da malaminki a asirce cewa abin ya taɓa ki, ya nuna miki yadda za ki ci gaba. Kar ki koma kangon nan ke kaɗai, tsohuwar rijiya ba wurin wasa ba ce. Barakatu kuwa ki riƙe ta, amma kar ki nemi sauran labarin daga bakinta kafin ki ji daga gida.

Ki samu babba a dangi wanda Mama ke jin maganarsa, ya zauna kusa. Ki zaɓi ranar da ta sha maganinta, jikinta da sauƙi. Kada ki fara da tambaya. Ki fara da gaya mata cewa ko mene ne za ta faɗa, ita ce uwarki, kuma babu inda za ki. Ki maimaita har ki ga ta yarda, sannan ki tambaya. Allah Ya ba ta lafiya, Ya ba ki ƙarfin jin amsar.

Anti Muhsina