Hannun Malam na Dama

Talata da dare, Bodinga.

Na fara da gasa wa mijina Malam hannu da ruwan ɗumi. Wata huɗu ke nan da ɓarin jikinsa na dama ya shanye.

Mahaifiyarsa ta zo daga Kajiji, ta tarar na naɗe masa hannun hagu da zane, yana fama da tsintar wake da na dama. Ta ce, "Ɗana kinka ɗaure awa akuya? In kin gaji da jinya, ba ni abuna in tai gida."

Na ce, "Inna, likita ta ce ƙwaƙwalwa kamar garke take. In ruwa ya cinye burtali sabo take fitarwa, amma sai ana bi kullum."

A Kajiji tausayi zai sa a dinga ba shi abinci a baki har hannun ya mutu. Nakan tambayi kaina ko zalunci nake yi. Amma yau ya ɗauki wake uku, ya harare ni, ya ɗauki na huɗu. Babu inda za shi.

Gobe:
- kai niƙa
- sayo manyan maɓallai ya gwada ɓallewa
- in durƙusa gaban Inna, in ce mata a'a