Abin da Kawu Ya Faɗa wa Kamfani

Kawu Audi,

Wai me na yi maka? Ina gaisuwa. Ya Inna, ya kasuwar Mai'aduwa?

Ni lafiya lau a Legas, a shagon abokina nake kwana, ba laifi. Wata uku ina gyaran takardar neman aiki a wani kamfani. Ba ni da digiri, sai manhajar ƙirga shanu da na rubuta maka, na sa lambar wayarka a matsayin shaida. Kamfanin har mai jin Hausa suka nemo ya kira ka, ka ce, "Yaro ne, wasa yake da waya."

Na san kunya ce, ba a yabon ɗa. Su ba su sani ba, sun ɗauki wani. Kuma ba ni da wata lambar da zan sa.

Allah ya ƙara girma. Amma ka faɗa a zaure, gaban kowa: manhajar tana aiki ko ba ta yi?

Ɗanka,
Sadiq