Gurbin Gaetan

Litinin, 8 ga Janairu
An kira ni babbar ƙungiya. Ina cikin ɗaure takalmin ƙanƙara koci na Red Alder, ƙaramar ƙungiyarmu ta wasan hoki na ƙanƙara, ya leƙo ya ce, "Corbin Thiessen, kwance takalmin, jirgi na jiranka." Shekarata talatin da ɗaya, rabin rayuwata a ƙaramar ƙungiya ina tsaron baya, yau dai an tuna da ni. Sai a jirgi na ji dalilin. Gaetan Lachance ne aka buga wa kai da katangar filin wasa ranar Asabar. Gaetan ɗina, wanda muka yi shekaru muna kwana ɗaki ɗaya a tafiye-tafiye kafin a ɗauke shi babbar ƙungiya.

Laraba, 10 ga Janairu
Manaja ya karanta min dokar kamar ban san ta ba. Kiran gaggawa ne: muddin Gaetan na jinya ina nan, ranar da likita ya sallame shi a ranar zan koma. Ya ce kar in nemi gida. To da wa ya ce zan nema? Otal, hawa na tara, taga tana kallon wurin ajiye motoci. Jakata na ƙasa a buɗe, ban sa ko riga ɗaya a kabad ba. Ɗan gaggawa ba ya jera kaya, kowa ya san mugun fata ne.

A ɗakin canza kaya an ba ni kujerar ƙarfe kusa da ƙofa. Gurbin Gaetan yana nan da sunansa a sama. Kyaftin Brodziak ya dube ni ya ce, "Ɗan Aro ya iso! A riƙa lallaɓa shi, mayarwa za mu yi." Aka yi dariya, ni ma na yi.

Asabar, 13 ga Janairu
Ban buga ba. Na sa kwat, na zauna sama wurin 'yan jarida ina kallo, gugguru a kwali.

Talata, 16 ga Janairu
Na buga! 'Yan mintuna ne, amma na tare faifan robar da ake bugawa da ƙwaurina har sau biyu, ƙafar ta kumbura kamar burodi kuma ban damu ba. Koci Halvorsen ya bugi kafaɗata ya wuce. Matata Marnie ta kira tana ihu, wai duk unguwa sun taru a falonmu, har babana ya cire hula. Ta ce, "Har yaushe za ka zauna?" Na ce ban sani ba. Me zan ce mata? Har sai kan abokina ya warke?

Alhamis, 18 ga Janairu
Gaetan ya gayyace ni cin abinci gidansa. Solange, matarsa, ta yi miyar wake da naman alade irin ta mutanen Quebec. Labule duk a sauke da rana tsaka, haske na damunsa. Ya rungume ni ya ce, "Tsohon banza, kana ɗumama min kujera?" Na ce, "Ka kwanta abinka, kujerar ta fara sabawa da ni."

Ya tambaye ni ya Marnie. Na faɗa masa. Muna cikin ci ya sake tambaya. Da 'yarsu ta yar da cokali a ƙasa, sai da ya dafe tebur ya runtse ido. Kafin in tashi ya kuma cewa, "Af, ya Marnie?"

Ya ce ranar Litinin zai yi gwajin likita kuma zai haye. Na san zai haye. Kowace shekara kafin a fara wasanni ana yi mana gwajin ƙwaƙwalwa, a ajiye sakamakon don a auna mutum da shi in ya bugu. Gaetan kuwa tun muna Red Alder da gangan yake amsawa a hankali, yana kuskure, yana zama dolo. Yakan ce in ka nuna musu kai mai kaifi ne a kaka, da hunturu za su kama ka. Yanzu ko da rabin kai ya shiga, zai kai inda ya ajiye.

A bakin ƙofa Solange ta miƙo min rigar sanyi, ta ƙi saki. Ta ce a hankali, "Corbin, jiya ya je ɗauko yarinya makaranta, ya kasa gane hanyar gida. In ni na faɗa, aurena ya mutu. Kai za su saurara."

Na ce, "Haba Solange, duk garin nan ni kaɗai ne bai kamata in buɗe baki ba."

Ta ce ta sani. Ta saki rigar.

Juma'a, 19 ga Janairu
In na yi shiru, ya dawo, na koma Red Alder da mutuncina, shi kuma bugu ɗaya ya ishe shi. In na yi magana, ɗan aro ya soki mai wuri don ya gaje wurin. Ba wanda zai fassara shi wata hanya. Ni kaina ban tabbata ba, abin da ke cina ke nan. Wallahi ina son wurin nan. Ina son shi har kunya nake ji.

Lahadi, 21 ga Janairu
Na je na sami Gaetan shi kaɗai. Na ce ya faɗa da bakinsa. Ya ce, "Ka ga yaron da suke renon nan a ƙaramar ƙungiya? In na ƙara wata ɗaya a gida, an manta da ni." Na ce 'yarka fa? Ya yi murmushi irin wanda ban taɓa gani a fuskarsa ba ya ce, "Otal ɗin ya yi maka daɗi, ko?"

Ban ci abinci ba.

Litinin, 22 ga Janairu
Na faɗa wa likita. Da sassafe, kafin gwajin, a tsaye, ƙofa a buɗe. Gwajin kaka, labule, makaranta. Ban ambaci Solange ba, na ce da idona na gani. Ta dube ni ta ce, "Ka san yadda za a ɗauki wannan?" Na ce na sani.

Laraba, 24 ga Janairu
An mayar da Gaetan jerin masu doguwar jinya. Ba zai sake bugawa bana ba. Ba a ce ni ba ne, amma a ɗakin nan ba abin da ke ɓuya. Brodziak ya daina ce min Ɗan Aro. Ya daina ce min komai. A atisaye na faɗi, ba wanda ya buga sanda a ƙanƙara kamar yadda ake yi don ƙarfafa wa mutum gwiwa.

Gaetan ya kira. Ya ce, "Kai ne?" Na ce ni ne. Ya zage ni da Faransanci, ya zage ni da Turanci, ya ce ko gawarsa kar in zo. Na riƙe wayar har ya gama.

Asabar, 27 ga Janairu
Mai kula da kaya ya cire sunan Gaetan ya liƙa nawa. Na roƙe shi ya bar ni a kujerar ƙarfe, ya ce ba shi ya yanke ba. Manaja ya ce yanzu in nemi gida. Marnie ta yi kuka don murna, na bar ta ta yi. Mun ci wasa, na buga da kyau. Na zauna a gurbin Gaetan, na kusa da ni ya ja kayansa gefe.

Juma'a, 2 ga Fabrairu
Gaetan ya kira da hantsi. Na tsaya ina kallon sunan kafin in ɗauka. Muryarsa garau, har da dariya. "Tsohon banza! Na gan ka a talabijin, har yanzu gudun kura da kaya kake." Muka taɓa hira. Ya tambayi Marnie. Sannan ya rage murya ya ce, "Corbin, kai kana cikin ɗakin. Wani ya kai ni gaban likita. Ka bincika min ko waye."

Na ji Solange a bayansa ta ajiye wani abu a tebur.

Na zauna a bakin gado. Da zan iya cewa to, zan bincika, in samu abokina ko na mako ɗaya ne. Na ce, "Gaetan, ni ne. Na faɗa maka ranar Laraba waccan."

Can ya ce, "Ka faɗa min?" Ba zagi wannan karon. Ya kashe.

Ban san ko zai sake kira ba. In ya kira ya sake tambaya, zan sake faɗa masa. Da yamma na ga jakar nan ta dame ni a hanya, kullum sai na yi tuntuɓe da ita. Na kwashe rigunan na sa a kabad.