Mitar da Na Ɗora wa Laifi

Asabar, 1 ga Maris

Na ƙona wa Dogo aisi ɗaya yau.

Kwamfutar mahaifinsa ce, ta farko da aka taɓa sawa a shagonsu na ɗab'i, ta girmi 'ya'yan Dogo duka. Shekara shida ke nan ni da shi muna haɗuwa kowace Asabar a ɗakin bayan gidana, muna tayar da tsofaffin kwamfutocin da kowa ya zubar. Shi ke kwancewa da gogewa, ni ke awo da dalma, tunda ni na yi shekara talatin da ɗaya a ofishin tarho. Ina cikin auna wuta a ƙafafun aisin, 'yar baƙar abar nan mai ƙafa arba'in, sai tsinken awo ya zame ya haɗa ƙafa biyu. Tas! Sai warin ƙuna.

Dogo ya sunkuya ya duba aisin. Can ya ce, “Injiniya, saura nawa?” Saura ɗaya. An daina yin irinta, biyun ma daga gawar wata kwamfuta muka ciro su.

Na ce masa laifin mitar awon wutar ne. Mai allura ce, ta tsufa, allurar rawa take yi, garin tsaida ido a kanta hannu ya kuɓuce. Ya ce to a sayi ta zamani mana, mai lambobi.

Lahadi, 2 ga Maris

Ban yi aikin komai ba, amma kamar na yi dako.

Talata, 4 ga Maris

Na je shagon kayan lantarki na bayan tasha. 'Yar mai shagon ce yanzu ke zama, ta jera min mita huɗu a kan gilashi. Ƙaramar rawayar ko fis ɗin kariya babu a cikinta, na ture ta gefe. Ta biyu tana zaɓar ma'auni da kanta, amma sai ta gama tunani kafin ta ba ka amsa. Ta uku na fi so: lambobi manya, tana auna kwandensa, 'yar abar nan mai tara wuta, in waya ba ta tsinke ba tana yin ƙara nan take, kuma tana da ƙafar tsayawa a baya. Ta huɗun ta masu aikin injin masana'anta ce, me zan yi da ita?

Na tsaya ina yi wa yarinyar lacca a kan fis, tana ta “haka ne, Baba.” Sai ta miƙo min ta ukun, wai in ji nauyinta. Na karɓa, na yi maza na ajiye.

Ta ciro wasu 'yan wayoyi masu ƙugiya a baki. Ta ce ana maƙala su a ƙafar aisi, ba sai an riƙe ba. “Dattawa da yawa suna haɗawa da su.” Na ce ni ba dattawa da yawa ba ne. Na fito ban sayi komai ba, na hau motar da ba ta unguwarmu ba, sai da na yi tafiyar ƙafa mai tsawo.

Laraba, 5 ga Maris

Uwar yara ta zuba min shayi rabin kofi. Na ce an fara rowa ne a gidan? Ta ce in na shanye za ta ƙara. Tun yaushe take min haka ban lura ba?

Juma'a, 7 ga Maris

Na sayo ta ukun. Ban kalli inda ƙugiyoyin suke ba.

Na dawo na rufe ɗakin baya, na sa mata batir, na ɗauko wani mataccen allon cikin kwamfuta don gwaji. Na ɗora tsinkayen a kan ƙananan ƙafafu. Lambobi suka hau tsalle, yanzu kaza, an jima sifili, ƙarar tana yi tana yankewa. Har na fara zagin masu ƙera ta.

Ban san abin da ya sa ni ba. Na ɗauko tsohuwar mai allura, na ɗaure wayoyinta a jikin batir da salatef, na ajiye ta a tebur, na ja da baya na zura hannuwa a aljihu. Allurar ta tashi ta tsaya cak, kamar an buga ƙusa. Na ɗaura sabuwar haka nan, ita ma lambarta ba ta motsa ba.

Na zauna a kujera har aka kira ni cin abinci sau biyu. Tsohuwar nan ba ta taɓa yi min ƙarya ba, ni ne na yi mata ƙazafi a gaban mutum.

Asabar, 8 ga Maris

Na ce a gaya wa Dogo mura nake yi. Ina kwance ina jin uwar yara a bakin ƙofa: “Yana ciki, wai mura.” Wannan “wai” ɗin ba ni na aike ta da shi ba.

Talata, 11 ga Maris

Mun yi 'yar hayaniya. Na nemi farar rigata, na ga maɓallanta sun zama manya. Na duba sauran, duk haka. Ta ce wata biyar ke nan tana canza su ɗaya bayan ɗaya, ba ta son ta ga ina fama da safe.

“Malam, hannun dama ne ke rawa, na gani. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.”

Na ce mata sanyin safe ne, kuma ba a tambaye ta ba. Ta ɗauki kwandon wankinta ta fita. Da ta rama ma da ya fi min sauƙi.

A nan dai zan iya faɗa. Tsoro nake ji. Kawuna haka ya fara, daga cokali, ƙarshe sai da ake ba shi abinci a baki. Ni ba ni da gona, ba ni da shago, hannun nan ne kaɗai abin da aka san ni da shi. In ya tafi, wa zai riƙa zuwa ɗakin baya ranar Asabar, kuma don me?

Ko rubutun nan, layin yau ya fi na watan jiya karkata.

Alhamis, 13 ga Maris

Na koma shagon. Na ce wani abokina ne ke son ƙugiyoyin. Ta naɗe min su a takarda, ta ce, “A gaida abokin naka, Baba, Allah Ya ƙara masa lafiya.” Yarinyar tana da tarbiyya, abin haushi.

Asabar, 15 ga Maris

Dogo ya zo da kwamfutar a cikin bargo, ko murar bai tambaya ba. Na maƙala ƙugiyoyi, na tsayar da mitar a ƙafarta, muka karanta tare. Wata kwandensa ce ta mutu tun farko, mitar ta nuna ta cikin minti biyu. Aikinta ta yi, ba ni da abin cewa.

Saura dasa aisi ta ƙarshe, ƙafa arba'in, kuma dalma ba ta da ƙugiya. Ƙarfen dalmar ya yi zafi, na ɗauka, na kai shi kusa da allon. Na ga bakinsa yana rawa. Dogo ya juya yana neman wani abu a cikin akwatin da babu komai a ciki.

Na ce, “Zo ka riƙe. Shekara shida kana kallo, kullum sai dai a yi maka?”

Ya ce bai taɓa yin ƙanana haka ba. Na ce ai ga ni. Ƙafa ɗaya bayan ɗaya, ina cewa ɗora, ƙirga uku, ɗaga. Ya jiƙe da gumi, ni ma haka. Ta goma sha bakwai ya cika dalma, muka goge muka sake. Muka bi dukkansu da mitar, babu biyun da suka haɗu. Ya kunna. Fanka ta juya, sai ga korayen haruffa a gilashi, har da sunan shagon babansa. Ya zauna a ƙasa yana share ido da hula.

Dalmarsa ba ta da kyan gani ko kaɗan. Amma ta kama.

Da zai tafi ya ce akwai wata kwamfutar a gidan surukinsa, zai kawo mako mai zuwa, “in malamin yana nan.” Na ce sai na duba.

Lahadi, 16 ga Maris

Gobe da safe za mu asibiti. Uwar yara ce ta ce gwiwarta na damunta, ni rakiya kawai zan yi. Na ga ta saka katina na asibiti a jakarta tare da nata. Ban ce ta cire ba.