Jan Fenti a Bangon Ɗakin Mama

Zuru, Yuni 2007

Baban Praise,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Yaya jiki, yaya aiki a Darfur, yaya 'yan'uwanka sojoji? Mu nan lafiya lau. Praise ta fara tafiya, sai ɓarna.

Idan ka dawo ba za ka gane unguwarmu ba. Gonar dawar nan ta bayan gida duk ta zama gidaje. Mutanen Manga da Sakaba sai tarewa suke yi, 'yan kabu-kabu har ƙofar gida. Nakan tsaya ina kallon kwanon rufi yana ƙyalli har gindin dutse.

Sai dai kowa ya gina inda ya samu, har cikin kwarin da ruwan dutse ke bi. Ruwan makon jiya bai sami hanya ba, ledoji sun toshe ɗan abin da ya rage, sai ya faɗa gidaje. Ɗakin maƙwabciyarmu Theresa ya rufta. Da ƙyar aka ciro ta da jaririnta da rai.

Ƙaramar hukuma ta turo jami'ar tsara gari, wata Amatullah 'yar Wasagu. Tana auna hanyar ruwa, tana shafa jan fenti a duk bangon da ya tare ta. Baban Praise, fentin ya hau ɗakin baya, wanda ka gina wa Mama da hannunka. Ka gaya mini abin da zan yi.

Taka,
Beatrice

Zuru, Yuli 2007

Baban Praise,

Ina gaishe ka, ina fatan kana lafiya. Har yau ban ga amsarka ba, ga shi abin da ya faru ya fi ƙarfin in yi shiru.

Da farko unguwa ta ɗauki zafi, ana cewa na talaka kaɗai za a rushe. Ashe yarinyar nan ta shafa fenti har a sababbin shagunan mai unguwa, Alhaji Ladan, shi ma yana tsaye yana kallo. Kowa ya ɗauka zai sa a mayar da ita wani gari.

Ranar Asabar ya tara mu a bakin kwarin. Ya ce, "Idan nawa bai faɗi ba, da wane baki zan ce wa Theresa ta matsa?" Sai ya tuɓe babbar riga, ya karɓi guduma. Dattijo mai furfura, yana dukan ginin da ko haya bai fara karɓa ba! Fastonmu ya juya ya nufi coci, inda fentin ya hau katanga, can sai muka ji katangar coci tana zubewa. Samari suka shiga da digogi da waƙa, Kirista da Musulmi, kamar ranar golmo, noman gayyar da samari ke yi wa surukai.

Da suka iso wurinmu Amatullah ta ce za ta iya jira har in ji daga gare ka. Na dubi sama, hadari ya haɗu. Na ce su cire kwano da ƙofa a hankali, sauran su rushe. Na shiga ɗaki na yi kuka, na fito na ɗebo musu ruwa.

Theresa da sauran waɗanda gidajensu suka tafi gaba ɗaya an ba su fili a kan tudu.

Taka,
Beatrice

Zuru, Agusta 2007

Baban Praise,

Gaisuwa da fatan alheri. Wasiƙarka ta iso, wadda ka ce kada kowa ya taɓa ɗakin sai ka dawo. Na karanta ta a tsaye a inda ɗakin yake a da. Ka yi haƙuri, amma bari ka ji.

Mama ta zo daga ƙauye, a falo take kwana. Tun zuwanta ba ta yi mini maganar ɗakin ba, ni kuma ina jin nauyinta.

Jiya da rana aka yi ruwan da tsofaffi suka ce sun daɗe ba su ga irinsa ba. Muka tsaya a baranda, ina goye da Praise. Sai ga ruwan ya gangaro daga dutse, ja wur, yana ruri, yana juya kututturen itace kamar kara. Tsayinsa ya kai wuyan mutum. Ya bi sabon lambatun da aka haƙa a kwarin bayan rushe-rushen, ya wuce ta daidai inda gadon Mama zai kasance, ya tafi abinsa. Ko gida ɗaya bai shiga ba. Unguwa duka ta fito cikin ruwa tana kallo. Na hango Alhaji Ladan a ɗaya gefen, ya jiƙe sharkaf, ya ɗaga hannu biyu sama.

Daga baya Mama ta kama hannuna ta ce in rubuta maka cewa ta gode da ɗakin, amma tabarmar falo ta ishe ta, kuma kada ka kuskura ka yi mini faɗa.

Praise tana gaishe ka. Allah ya dawo mana da kai lafiya.

Matarka,
Beatrice